Ni na karanta wa yayana hoton sikana

Lokacin da abin ya faru ina aikin jinya a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, tsakanin Bande da Magarya. Majo ake ce mini, wato babban mai jinya, kuma duk takardar Faransanci da ta shigo gidanmu ni ake kawo wa. Na saba in yi magana a ce to. Wannan sabon ne ya kai ni ga abin da zan faɗa muku, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne mai fataucin wake. Wani baƙin tabo ya fito masa a tafin ƙafa, ya shekara yana ɗingishi kafin a gano a Damagaram cewa sankara ce, har ta kai huhu. Aka tura shi Yamai, abokan fataucinsa suka tsaya masa, aka sa shi a wani sabon magani na ƙarin ruwa duk sati uku. An ce maganin garkuwar jiki yake tayarwa ta yaƙi ciwon da kanta. Matarsa ce ke raka shi. Ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma duk abin da dokta ya faɗa sai ta haddace.

Bayan wata uku aka yi masa hoton sikana, suka dawo gida da shi. Na ɗaga shi a rana a tsakar gida, ƙannenmu da maƙwabta sun kewaye ni. Gaskiya ban iya karanta irin wannan hoton ba, na karayar ƙashi kawai na sani. Takardar da ke tare da shi na duba, na ga an rubuta ƙulli biyu sun ƙara girma. Nan take na ce maganin bai karɓe shi ba, ciwon ya ci ƙarfinsa. Na faɗa ne a gaban mai ciwon, yana kan tabarma yana cin tuwo.

Matarsa ta durƙusa ta ce dokta ya gargaɗe su cewa da wannan maganin ƙulli kan kumbura a hoto saboda garkuwar jiki ta taru a kansa, sai an sake hoto bayan wasu satuttuka a tabbatar. Ta ce in dubi mutumin, tarinsa ya ragu, jiya har gona ya taka. Ta roƙe ni in kira doktan in ji da kunnena. Ni kuwa gani na yi ta ƙaryata ni a gaban jama'a, sai na ce mata, “Ke da ko bihim ba ki sani ba za ki koya mini aikina? Ko daɗin birni ne bai ishe ki ba?” Aka yi dariya. Yaya ya ture kwanon, ya wanke hannu, ya ce ƙanensa ba zai cuce shi ba, in mutuwa ce ta same shi a mahaifarsa.

Ranar komawa Yamai matar ta ɗaure kayansu, ta zauna a ƙofar ɗaki har azahar, ba wanda ya kula ta. Sau biyu ana kirana daga Yamai, don lambata ce a takardunsa, ina cewa ba zai iya tafiya ba. Ƙarya nake yi. Wata biyu ya yi garau, ni kuma ina ce wa dangi sauƙin ajali ne. Daga baya tarin ya dawo da jini, ya rasu bayan an yanke gero.

Da aiki ya kai ni Yamai na nemi doktan. Ya ce sau da yawa in hoto ya nuna girma, girman ne da gaske, amma mutumin da ke ci yana ƙiba ba a tsayar masa da magani kan hoto ɗaya. Na tambaye shi ko yayana zai rayu da an ci gaba da maganin. Ya ce hoton da zai ba da wannan amsa ba a ɗauke shi ba.

Na bi matar yayana Dungas, inda ta koma wurin iyayenta bayan takaba, na nemi gafara. Ba ta ɗago daga gyaɗar da take ɓarewa ba. Ta ce, “Majo, na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma kai ka hana mu sani, kuma ya mutu yana ganin yawon birni nake so.” Ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da na koya shi ne ƙaramin sani in ya haɗu da girman kai ya fi jahilci ɓarna. Ku da dangi ke miƙa wa takardar likita don kun yi karatu, ku ji tsoron Allah. Hoton ciwo a mayar da shi ga mai maganin, kuma a saurari wanda ya kwana ya tashi da majinyaci. “Ban sani ba” kalma uku ce, na kasa faɗarta, yayana kuwa ya yarda da ni har ya mutu.