Wuyan Jitar Tajuddeen

Duk wanda fankarsa ta taɓa ƙonewa a unguwar Damba da ke Gusau ya san Tajuddeen mai naɗin waya. Siriri ne, ba shi da yawan magana, yatsunsa dogaye kamar na masaƙi. Zai warware ƙonanniyar waya ya naɗa sabuwa yana sauraron rediyo, ko kallon hannunsa ba ya yi. Abin da mutanen Damba suka sani game da shi ke nan, kuma da a nan saninsu ya tsaya da ya fi masa alheri.

A Bungudu aka haife shi, gidan Malam Garba, gidan allo da tawada. Wansa Mahadi ya gaji karatu, shi kuwa aka tura shi Tsafe koyon gyaran kayan lantarki. A can ne wani malamin makaranta, baƙo daga kudu, ya kawo wa shagonsu jitar lantarki da ta daina magana. Tajuddeen ya buɗe cikinta, ya ga ashe ba tsafi ba ne: jar waya ce siririya aka naɗe a jikin mayen ƙarfe, ita ke ɗaukar motsin tsirkiya ta kai wa sifika. Ya gyara, ya taɓa tsirkiya guda, ƙarar ta ratsa shi har ƙashin baya. Tun daga ranar bai sake zama lafiya ba.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wasu tattabaru, wasu ƙwallo, Tajuddeen jita. Ba roƙo yake yi ba, bai taɓa kaɗa wa kowa a gidan biki ba, ƙirar ce ta shiga ransa. Yana bin tsofaffin ƙyauren maɗaci na gidajen Bungudu yana saye, don ya ce itacen da ya shekara yana shan rana shi ke da murya. Ta farko da ya haɗa, da wayar burkin babur ya yi mata tsirkiya, ta fito da sautin akuya mai mura, matarsa Shafa'atu ta yi dariya har da riƙe ciki. Bai fasa ba. A hankali ya iya ta lantarki, ya iya mai tumbi wadda ake sa wa tsirkiyar roba, ya sayo karyayyu daga Kaduna ya ɗora su. Uwar ɗakinsu ta cika da jita, rataye a bango, kowace da labarinta.

Mahadi ya sani. Ranar da aka raba gadon mahaifinsu ya ja shi gefe ya ce, "Ka ji tsoron Allah, Tajuddeen. Ɗiyan Malam Garba ba su kiɗi. In ka ƙi bari, to ka yi min alkawali ba wanda za shi gani." Tajuddeen ya yi alkawari, don yana jin nauyin wansa kamar uba. Daga baya Mahadi ya dawo Damba ya zama na'ibin limamin masallacin unguwa, idonsa na kan limancin, don limamin ya tsufa.

Saboda wannan alkawari Tajuddeen ya koyi ɓoyo. Sassaƙa sai a tsohon zauren mahaifinsu na Bungudu, inda ba kowa. In ya gama, ya naɗe a buhu, ya ɗaure a bayan babur ya kawo Damba ya haɗa. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya kula. Sai zamani ya juya, 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka, kowace unguwa ta kafa 'yan sintiri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutane suka fara lura da cewa mai gyaran fanka yana fita bayan gari duk mako, yana dawowa da dogon abu a buhu. Ba wanda ya tambaye shi. Sai ma gaisuwa da ta ƙaru, masu ce masa Taju suka koma Malam Tajuddeen, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka girma ne ya zo.

Wata Asabar bayan la'asar 'yan sintiri suka tare shi a bakin unguwa. Shugabansu Ɗanlami, wanda aka kashe wa ƙane a gona bara, shi ya yanke igiyar buhun. Da jita ce cikakkiya a ciki da an yi dariya an watse. Amma wuya ne kawai, wanda bai haɗa da jiki ba tukuna: dogon maɗaci sassaƙaƙƙe, an goge shi sumul, an fafe rami a tsakiya an kwantar da rodin ƙarfe don kada itacen ya lanƙwashe.

"Mi na wanga?" in ji Ɗanlami.

"Wuyan jita ne."

"Wuyan mi?"

"Jita. Abin kiɗi."

Ɗanlami ya ɗaga itacen ya ɗora shi a kafaɗa, ya kanne ido ɗaya, ya auna taron da ya fara haɗuwa. Mutane suka ja da baya. "Ƙotar bindiga ce," wani ya faɗa daga baya, maganar ta bi taro kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Tajuddeen ya roƙe su su je gidansa su gani. Suka ce so yake ya kai su inda abokansa suke. Sai ya hango wansa yana fitowa daga masallaci da jama'a a bayansa, ransa ya yi sanyi. Ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, haka aka koya mana.

"Yaya! Yaya, hwaɗa musu!"

Ɗanlami ya rusuna. "Malam, ƙanenka ya ce shi makaɗi ne. Ka san shi da kiɗi?"

Mahadi ya dubi itacen, ya dubi ƙanensa, sannan ya dubi dattawan da ke tsaye, waɗanda su ne za su zaɓi sabon liman. Kalma ɗaya ake nema daga bakinsa. Ya gyara zaman rawaninsa ya ce, "Ni dai gidanmu ba a kiɗi. Kowa ya san gidan Malam Garba." Ya juya ya tafi, bai ko yi sauri ba. Naka shi ke ba da kai.

Suka kwantar da Tajuddeen, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan dakalin wani shago, suka ce ya faɗi wa yake kai wa. Ba shi da sunan da zai faɗa. Da wuyan jitar da ya kwashe makonni yana gogewa suka yi ta dukan yatsun, kuma maɗaci itace ne mai ƙarfi, shi da kansa ya zaɓe shi don haka.

Wata maƙwabciya ce ta kai wa Shafa'atu labari. Ta fizgo jar jitar lantarki daga bango, ta rungumo mai tumbin, ta fito da gudu ko takalmi babu, tana ratsa taron tana ihu, "Ga bindigar! Ga ta nan, ku gani!" Ta ɗora wuyan da ke jiƙe da jini kusa da na jitar, kowa ya ga abu ɗaya ne. Sai wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Mutanen da suka yi watanni suna jin tsoronsa suka huce haushin tsoron a kansa. "Ashe maroƙi ne!" "To kaɗa muna mu ji!" Ɗanlami ya ce a yi haƙuri, zamani ne, ya tattara yaransa. Ba wanda ya ji kunya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsun suka haɗe a murɗe, manuniya ta lanƙwashe cikin tafi ta ƙi miƙewa. Naɗin waya ya gagara, shago ya koma hannun wani. Shafa'atu ce ke riƙe gidan da sayar da ƙuli-ƙuli. Jitocin suna nan a bango, tana kaɗe musu ƙura, shi kuwa ba ya shiga uwar ɗakin sai dole. Mahadi ya zo dubiya sau ɗaya, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Allah shi sawwaƙe. Amma matarka ta tona muna asiri, kuma ka yi alkawali."

Tsohon liman ya rasu da damina, aka naɗa Mahadi. Masallacin shi ne mafi kusa, don haka Tajuddeen a bayan wansa yake salla. Kwanan baya, bayan an idar da azahar, sabon liman ya juyo yana koya wa jama'a zaman tahiya, yadda ake dunƙule hannun dama a miƙe manuniya don shaida. Ya ce ya lura wasu na sakaci da wannan sunna. "Kowa shi ɗaga tashi in gani," in ji shi.

Sahu ya cika da yatsu a miƙe. Tajuddeen ya ɗaga hannunsa shi ma, ya riƙe shi sama, daidai fuskar wansa, bai sauke ba. Mahadi ya kawar da kai, ya ce wa mutumin da ke gefen Tajuddeen, "Madalla, haka ake yi."