Zinariya Mai Kusurwa Takwas

Ina ɗinki a unguwar Ammariyya, a birnin bakin teku da ke kusa da Makka, shekarar da kakata ta rasu, kafin kwalta ta iso layinmu. Bayan sadakar bakwai muka farke layar da take ratayawa a wuya, muna zaton aya ce a ciki. Sai ga wata 'yar zinariya, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba, kusurwarta takwas, da hoton kan mace, taurari sun kewaye shi.

Innata ta ce in kai wa maƙeri a Balad, cikin tsohon gari. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ba ta Ingila ba ce, ba ta Turkawa ba," in ji shi. "Ban san ta ba."

Ya tura ni wurin wani tsohon akawun jirgin ruwa mai tara tsofaffin kuɗin zinariya, kowanne kwance a gurbinsa cikin akwati. Ya ɗora madubi a kanta. Ya ce ta Amurka ce, daga can ƙarshen yamma, lokacin da mutane suka yi ta kwarara haƙar zinariya a jeji, gari bai zauna ba, har maƙera ke buga kuɗinsu da kansu.

"Ya waladi, ɗana, ina kuka same ta?"

Na karɓi zinariyar, na fito. Kakata da na sani ta taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ta yi shekaru tana tsinkar auduga a Sudan, ba ta taɓa ambaton Amurka ba.

A gida Inna ta ce wani ɗan kasuwa Bagirke ne ya ba ta. Kawuna ya ce sam, matuƙin jirgi ne da ta yi jinyarsa a Sawakin, tashar jirgin ruwa ta Sudan. Suka yi ta musu har shayi ya huce.

Na je wurin ƙawar kakata, wadda suka haye teku tare. Ta ce, "Ai ba tata ba ce. Wata mata ce ta rasu a hanya, ta ba ta amana ta kai wa ɗanta a Makka."

Na shiga neman ɗan. Hajji biyu na yi ina tambaya cikin mutanenmu, ba sunan matar, ba na ɗan. Akawun ya zo shagona yana roƙo in sayar masa, na ce ban san ko tamu ce ba.

Da na koma wa tsohuwar in ji ko ta tuna sunan, sai ta dube ni da mamaki.

"Ni na faɗa maka haka? Wace mata?"

Na gaya wa Inna. Ta karɓi zinariyar, ta ƙulle a bakin gyalenta, ta ce, "Halas, ya isa haka, ka koma kan kekenka."

Na koma. Ranar na ɗinka wa wani hannun riga a baibai.