Jan Gashin 'Yardada

A Dukawuya, duk mai neman kanari mai kyau zauren Malam Ɗalha ake nuna masa. Shekara talatin yana kiwonsu, kuma yana da dabararsa. Idan tsuntsu ya fara zubar da gashi, sai ya daka busasshen tattasai, ya cuɗa da gwaiduwar ƙwai, ya riƙa ba shi kullum. Sabon gashin da zai fito ba rawaya ba ne, ja ne kamar manja. A wurin Malam Ɗalha, ja alamar ƙoshi ce.

A shekarar da abinci ya yi tsada, 'yarsa Uwa ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, tare da 'yarta 'Yardada da ba a daɗe da yayewa ba. Koko ne abincin yarinyar safe da yamma, wata rana da ɗan tuwo. Ƙwai biyu ake dafawa a gidan kullum, duka na tsuntsaye. Ba rowa ba ce. Haka ya taso ya ji ana faɗa, yaro mai cin ƙwai ɓarawo yake zama, shi kuwa ba zai lalata jikarsa ba.

Kafin damina ta fita, gashin 'Yardada ya yi laushi ya koma ja-ja, kumatunta suka cika.

"Baba, kan yarinyar nan bai yi mini ba," in ji Uwa.

Ya ɗauki yarinyar ya ɗora a cinya. "Amaryata ce take mini kwalliya. Dubi kumatu. Ni da na tsufa ina fitar da launi, ke za ki koya mini?"

Uwa ta koma ciki. Wata biyu aka yi a haka, sai da yarinyar ta daina karɓar kokon ma suka kai ta asibiti.

Nas ɗin ta danna ƙafar 'Yardada da yatsa, ta ɗage, ramin ya tsaya.

"Tamowa ce. Wannan ba ƙiba ba ce, Baba, ruwa ne. Gashin ma rashin abinci mai gina jiki ne ya koɗar da shi. Ba wake, ba kifi, ko ƙwai ba kwa samu?"

"Akwai ƙwai a gidan," ya ce.

Kwana huɗu 'Yardada ta yi a gadon asibiti, ta rasu. Shi ya ɗauke ta a hannu har maƙabarta, ya hana kowa karɓarsa.

Har yau Uwa tana gidan. Tana gaishe shi da safe, ta ajiye masa kwano a bakin zaure, ta koma ciki. Ko sau ɗaya ba ta ɗora masa laifi ba. Wani lokaci yakan kira ta, ta zo ta durƙusa, ya daɗe yana jiran ta faɗa, sannan ya ce ta tashi ta tafi.