Tsirkiyar Baba a Gitar Aro

Gidanmu gidan kiɗa ne. Babana gurmi yake kaɗawa, kamar yadda ubansa ya yi, kuma a ƙauyukan Hawandawaki da wuya a yi suna ko gayyar noma ba a aiko masa da goro ba. Ni kuwa na fanɗare. Tun da na ji gitar lantarki a wani biki a Tasawa, gurmi ya fita daga raina.

Mai gitar wani Buzu ne, iyayensa na kiwo wajen garin El Allassane Maïreyrey, shi yana zaune a Tasawa yana kiɗan biki. Na liƙe masa har muka zama abokai. Gita biyu gare shi. Ɗaya mara nauyi, mai mikoro uku sirara masu ɗaukar sautin tsirkiya, da wani ɗan hannun ƙarfe da ake dannawa sauti ya yi rawa. Ɗayar baƙa ce, mai nauyi kamar turmi, mikoronta biyu masu kauri, muryarta kuma cike. Raina ya biya ga mai hannun, amma ya hana ni.

"Wagga sai wanda ya ƙware," in ji shi. "Da ka danna hannun nan saiti ya watse, ka wuni kana murɗa kunnuwan tsirkiya. Ɗauki baƙar, ba ta da rigima."

Baƙar ita ce gitarsa ta fari, da ita ya koya. Ya ba ni aronta da ɗan ampili, akwatin ƙara sauti da ke aiki da batir, ya ce in riƙe har bayan girbi. Na rungumo ta a mota, ban yarda ko yaron mota ya taɓa ta ba.

Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, masu kauri, sun fara tsatsa. Kafin a jima yatsuna sun tsage. In na sa hannu a miya sai in ji kamar an zuba mini barkono. Baba yana gani. Dama tun da na shigo da gitar bai yabe ta ba, bai kuma zage ta ba.

Wata rana na dawo daga gona na tarar da shi a zaure da gitar bisa cinya. Ya kwance tsirkiyoyin duka, ya ɗaura mata zaren roba irin na masunta, wanda yake sa wa gurminsa. Ya zaɓo sirara da masu kauri, ya ƙulle kowanne da ƙullinsa mai kyau.

"Ƙarhe ba abin kiɗi ba ne," ya ce. "Diba yatsunka. Taɓa ka ji yanzu."

Na taɓa, laushi kamar auduga. Na jona ampili na kaɗa. Shiru. Na ƙure murya, sai wani ɗan gurnani kawai ke fita. Na sake batir, na jijjiga waya, na hura ramin da ake cusa ta. Gita dai ta ƙi magana.

Na tabbata wajen kwance-kwancen nan Baba ya tsinka wata waya a cikinta. Kayan aro ne, kuma abin da mutum ya fi ƙauna ya ba ni amana. Na ji haushi ƙwarai, amma da na ɗaga kai na ga fuskar Baba sai haushin ya koma tausayi. Dattijon yana ta kallon hannuwansa.

"Na ɓata ta?" ya tambaya.

"A'a, Baba, wataƙila batir ne."

Ya san ƙarya nake. Da safe na naɗe gitar a zane na nufi Tasawa. Duk tsawon hanyar yashin nan ina shirya abin da zan faɗa, na kuma yanke cewa zan ce ni na yi, don ba zan kai sunan ubana gaba ba.

Abokina yana dafa shayi a ƙofar gida. Na kwance zanen ban ko gama gaisuwa ba. Ya dubi gitar, ya ja tsirkiya ɗaya, sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame.

"Kihi za ka kamawa da ita? Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne."

"Ƙarya kake. Kai ko igiyar akuya ba ka iya ƙullawa haka. Wanga hannun tsoho ne."

Ya ɗauko ƙusa ya kai kusa da mikoro, ƙusa ta manne. Ya ce a ciki akwai mayen ƙarfe, motsin ƙarfe kaɗai yake ji, in ka sa masa roba ko ka kwana kana kaɗawa bai san kana yi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da sababbin tsirkiyoyi, ya ɗaura, ya saita, ya jona. Da ya ja yatsa sau ɗaya sai da awakin maƙwabta suka firgita. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙara irin ta ranar ba. Na zauna dirshan a ƙasa.

Ya ce har da laifinsa, da ya bar ni da masu kauri. Mai koyo sirara ya kamata ya sa, masu lamba tara, har yatsu su yi kanta. In na gama kiɗa kuma in goge su da tsumma, don gumi ke kawo tsatsa. Ya tattara zaren Baba ya naɗe a hankali ya ba ni, ya ce in gaishe shi.

Da la'asar na sauka a bakin ƙauye, sai ga Baba zaune a gindin gawo, inda ba ya zama. Ya miƙe bai jira na ƙaraso ba.

"Yaya?"

"Lahiya lau take, Baba. Ba abin da ya lalace. Ita ƙarhe kaɗai take ji."

Ya sauke dogon numfashi. "Ashe kurma ce," ya ce. "To, Allah shi kyauta mata."

Muka taho gida yana gaba ina baya. Tun daga zaure ya ɗaga murya yana kiran Inna ta kawo masa tuwo. Ta fito da kwano, ta dube ni, ta ce tun jiya da rana ko fura bai sa a bakinsa ba.