Rigar da take dawowa a bushe

Shekarun baya, tun kafin komai ya faru, tsoro ɗaya nake kwana da shi in tashi da shi: kada ciwon sukari ya ɗauke min maigidana yadda ya ɗauke mahaifinsa, ya bar ni da goyo da 'yar shekara uku.

A unguwar Lamorde muke zaune, shi kuma butikinsa, wato shagonsa, yana Zongo, a ƙetaren kogi. Da tsohon kekensa yake ƙetare gada kullum. Da aka gano ciwon, tare muka je wurin likita, amma da Faransanci suka yi maganarsu, ina zaune kamar buhun gero. A hanya ya gutsura min kaɗan: an ba shi ƙwaya, an ce ya riƙa motsa jiki.

Wata biyu bayan nan ya sayar da tsohon keken, ya shigo da mai batir. Wai wannan ma motsa jiki ne, tunda yana da feda.

Ni ban yi nisa a lakwal, wato boko, ba, amma ni ke wanki. Da can rigarsa takan dawo da farin gishirin zufa a baya. Yanzu a bushe take dawowa, har da ƙamshin turaren safe. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce min na san abin da ake kira kalori? Ya ce in tsaya a kan tukunyata. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai raina ya ɓaci.

Lokacin sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyaka, wuta sai ta ga dama take zuwa. Damina ma ba ta yi kyau ba, gero ya yi tsada, karin kumallonmu ya koma koko tsura. In wuta ta zo da asuba, yakan jona keken ya tafi masallaci. Sai na fara zare wayar don dole ya taka da ƙafarsa, in mayar in na ji tarinsa a ƙofa. Batir ya ƙi cika, shi yana zagin masu wuta, ni ina murna na yi dabara. Kwana huɗu riga tana dawowa jiƙe sharkaf.

Rana ta biyar aka kira ni: ya faɗi a tsakiyar gada. Wani mai kabu-kabu ne ya kai shi asibiti.

A can na tsaya gaban likitan da goyona na ce, "Yau da Hausa za ka yi, ni ke dafa masa abinci."

Sai ga shi Hausa ras a bakinsa. Ya ce keke mai batir yana ƙona ƙarfin jiki in ana taka shi, amma bai kai keken gargajiya ba, wanda ya zauna yana murɗa hannu kawai kuwa bai ƙona komai ba. In batir ya mutu, nauyinsa ya fi na kowane keke. Mai shan ƙwayar nan, ciki babu komai sai koko, ya tura wannan nauyi cikin rana, dole sukarinsa ya faɗi. Ya ce ai tun farko ya gargaɗi maigidana kada ya yi aikin ƙarfi da yunwa.

Ashe an faɗa. Ni ce ba a ga darajar faɗa wa ba.

Da ya farfaɗo na gaya masa ni ke zare wayar. Ya ce, "Ashe masu wuta na yi ta zagi a banza."

Na ce, "Malam, da ka fassara min rabin abin da aka ce maka, da ban kusa kashe ka ba."

Yanzu yana taka keken da kansa, batir sai a hawan gada, kuma ba ya fita sai ya ci ya ƙoshi. Laifina na ɗauka, ban musa ba. Amma haushin zaman buhun geron nan bai sake ni ba.

Don Allah, in za ku kai mara lafiya asibiti, ku shiga da mai dafa masa abinci, a yi mata bayani da harshen da take ji.