Ƙartin Asunta Biyu a Madafar Direba

A ƙauyenmu da ke kan dutse a saman garin Paukartambo, in ka tambayi gidan Don Meliton Sulka sai an tsaya tunani, amma in ka ce Direba, ko jaki zai kai ka har ƙofa. Tun yana saurayi yake jan babbar mota a hanyar nan da ke gangarawa daji, wadda dutse ke gefe guda rami ke ɗaya gefen. Ya sauka da dankali, ya hauro da katako da ayaba, gida ba ya ganinsa sai in ya zo canza tufafi. Sai da idanunsa suka fara raba masa mota ɗaya gida biyu sannan ya ajiye makulli, ya dawo ya tare wa matarsa Asunta bakin murhu. Ba su jima da fara sabawa da juna ba ta rasu, ta bar shi da madafar da bai san ko inda gishiri yake a cikinta ba.

Madafar irin ta kowa ce: bango baƙi ƙirin da hayaƙi, murhun laka, da dakalin zama mai ramuka a ƙarƙashi inda ɓerayen masar ke kwana. Kuy muke ce musu, kuma harkar mata ce, namiji ba ya sanin kuy sai a faranti. A kwanakin makoki aka yanka na Asunta kaf don ciyar da masu gaisuwa. Haka dai aka zata. Bayan jama'a sun watse, Direba yana fama da hura wuta wata safiya sai ya ji kwi-kwi-kwi daga bayan itace. Ashe ƙanana biyu sun ɓuya, ɗaya ja, ɗaya ruwan toka mai tukku a goshi.

Mu nan ba ma raɗa wa kuy suna, don akwai wuya ka gasa abin da ke amsa kiranka. Shi dai ya raɗa: Jatau da Tukku. Ya koyi yankan ɗanyen sha'ir, ya koyi ajiye musu ɓawon dankali, ya kuma ɗauka a ransa cewa miji da mata Allah ya bar masa.

Da suka tasa, sai ya ga Jatau yana zagaya Tukku yana karkaɗa ƙugu a hankali, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar injin da aka bari a kunne, daga nan ya haye bayansa. Direba ya fita yana shaida wa mutane cewa kiwon Asunta bai mutu ba, har ya yi wa wasu alkawarin 'ya'ya. Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai. Wata rana ya shigo ya tarar Tukku ne a sama.

Ya kira maƙwabciyarsa Mama Saturnina. Ita ta riƙe 'yarsa ranar baftisma, don haka babu maganar da take jin nauyin gaya masa. Ta cafko su ɗaya bayan ɗaya, ta kifa su, ta danna da babban yatsa, sannan ta nemi wuri ta zauna don dariya ta hana ta tsayuwa.

"Direba, wa kake jira ya haihu a cikinsu?"

"Mai tokar nan mana. Ba ki ga ƙibar da ta yi ba?"

"Ƙibar ciyawarka ce. Ƙarti biyu kake kiwo. Duk tuƙin nan naka, ashe ba ka taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba?"

Da ta share hawaye sai ta yi masa bayani. Namiji ɗaya ake bari a madafa, ya ishi mata da yawa, sauran kuwa tukunya ke raba su tun ba su fara kallon juna ba. Ya gasa ɗaya, ita za ta ba shi mace, kiwon Asunta ya ɗore. Maganarta daidai ce, shi ma ya sani. Ya dubi Jatau, ya dubi Tukku, ya ce zai yi tunani. Tunanin bai ƙare ba, don duk wanda ya zaɓa da safe, kafin rana ta yi tsaka zai zo ya dafa masa takalmi yana neman ciyawa.

Sai rigima ta fara kamar yadda ta faɗa. Su tsaya hanci da hanci, kowa na ɗaga haɓa yana son ta fi ta ɗan'uwansa tsawo. Su yi hamma don a ga haƙora, su riƙa karkaɗa su kaf-kaf-kaf kamar masu jin sanyi. Gashi ya fara tashi a tsakar ɗaki. Ranar da 'yarsa Hermelinda ta zo daga birnin Kusko duba shi, ta tarar da kunnen Tukku a tsage, jini ya bushe a kai. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta dai ce wannan ba tausayi ba ne, azaba ce, kuma mahaifiyarta ba za ta bar dabba cikin wannan hali ba. Za ta dawo bikin Mamacha Karmen, waliyyiyar garinmu, a watan Yuli. In ta sami sabon rauni a jikin ɗayansu, da hannunta za ta gasa guda. Direba ya amince.

Dabararsa ta farko ita ce raba su. Da ya ji gurnani sai ya ɗauke Tukku ya sa a kwando, in an huce ya mayar. Amma duk mayarwa sai a koma farko, a sake auna haɓa, a sake hawan juna, kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Saturnina ma ta kawo tata gudummawar. Ta shigo da wata macen kuy a ƙunshe cikin mayafi, wai ya gani ko zuciyarsa za ta karkata. Ba ta ko sauke ta ba, ƙanshi kawai ya isa. Ƙartin suka dunƙule wuri guda suna birgima har cikin toka. Direba ya sa hannu zai raba, Jatau ya huda masa babban yatsa. Tun daga ranar in abu ya kai haka, hularsa yake kifa wa ɗaya.

Da yatsa a ɗaure babu yankan ciyawa da yawa, sai zama. Ya riƙa zama kan dakali da hantsi, ganyen koka da muke taunawa a kunci, yana kallonsu kawai. Mutum ne da ya saba sauraron inji ya gane inda ciwo yake, sai ya fara sauraronsu haka. Ya lura gurnani daban, karkaɗa haƙori daban. Ya lura yawancin hayaniyar ba faɗa ba ne. Jatau zai ɗaga haɓa, Tukku ya sauke tasa, ya yi ɗan kukan ƙorafi, ya kauce, shi ke nan kowa ya koma kiwo. Abin ya tuna masa da motoci biyu in suka yi kiciɓis a hanyar daji: a danna ham, a taka totur, a zagi kakannin juna, daga ƙarshe ɗaya ya ja da baya zuwa inda hanya ta ɗan buɗe, su wuce suna ɗaga wa juna hannu.

To me ke kawo jinin? Wannan tambaya ta hana shi sakat. Sai da ya kalli korar sau da yawa sannan ya gano a wuri ɗaya ake cizo. Tukku zai gudu ya shige rami ƙarƙashin dakali, Jatau ya bi shi ya toshe baki. Ramin ƙofa ɗaya gare shi. Tukku ya riga ya sallama, amma babu inda zai kauce, dole ya juyo da haƙora. Direba ya san irin wuraren nan a hanya. Duk gicciyen da aka kafa a bakin rami don tunawa da waɗanda suka faɗa, a inda babu wurin kaucewa aka kafa shi.

Ya kwaɓa laka ya liƙe ramukan. Sai dai kuy ba ya rayuwa ba maɓoya, kuma maɓoya mai ƙofa biyu Direba yake nema. Ya duba gidan kaf, idonsa ya tsaya kan tukwanen ƙasa na Asunta da ke jere a kan kanta, waɗanda bai taɓa ba tun rasuwarta. Akwai babbar da take dafa giyar masara a ciki duk bikin Yuli, da wata ƙanwarta. Ya sauke su, ya ɗauki dutse, ya daɗe riƙe da shi. Ya ce wa Asunta ta yi haƙuri, nata ne za su shiga. Sannan ya ƙwanƙwashe gindinsu a hankali, ya goge kaifin, ya kwantar da su nesa da juna.

Ciyawa ma ya raba ta tuli biyu, ɗaya bakin ƙofa, ɗaya kusa da murhu. Jatau ya so ya tsare duka. Ya kori Tukku daga nan, Tukku ya koma can, ya bi shi can, Tukku ya dawo nan, har Jatau ya gaji ya kwanta a tsakiya yana haki. Direba ya kuma koyi fara zuba wa Jatau, ko da yake zuciyarsa tana wajen mai tsagaggen kunne, don in ya fara da Tukku, Tukkun ne ke shan kora daga baya. Mafi wuya shi ne hana kansa shiga tsakani. In aka fara gurnani sai ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya ya zauna a kansu.

Hermelinda ta iso ana gobe biki, ana jin ganguna daga gari, da ɗaurin ganyen wakatai, wanda muke gasa kuy da shi, a jakarta. Tana shiga madafa ta tarar Jatau yana karkaɗa ƙugu yana gurnani.

"Baba, ga su nan dai yadda na bar su."

"Zauna, 'yar nan. Bari su gama gaisawa."

Jatau ya yi kan Tukku. Tukku ya faɗa bakin tukunya, ya ɓulla ta gindi, ya zagaya ya kama cin sha'ir. Jatau ya leƙa ciki, bai ga kowa ba, ya tsaya jim, shi ma ya nufi nasa tulin. Ta fitar da su rana ta bincike su gashi-gashi, baya da wuya da kunne. Ban da tsohuwar tsagar da ta warke, ba ta sami komai ba. Sai da ta dawo da su ne ta kalli abin da suke shiga da kyau.

"Tukunyar Mama ce wannan."

Ya ce ita ce. Ta durƙusa ta shafa bakin tukunyar, inda hannun mahaifiyarta ya sa laka ta yi santsi. Tukku ya leƙo daga ciki ya shinshina yatsunta. Ta daɗe a haka, sannan ta miƙe ta ce giyar bana sai a nema wajen maƙwabta.

Wakatai bai yi asara ba. Saturnina ta ba da biyu daga nata, aka gasa a gidanta, tana ta tambayar Direba yaushe ne sunan jikokin. Ya ce kiwon Asunta a kan waɗannan biyun zai tsaya, ya sani, ya kuma yarda. Da aka miƙo masa rabonsa ya ci har da tsotsar ƙashi, amma a waje ya zauna, ya ba ƙofar madafarsa baya, kuma sai da ya wanke hannu sosai kafin ya shiga zuba musu ciyawar yamma.