Shawarar Kawu Illo

Sadatu ta koyi riƙe wuƙa tun tana ƙarama, a bakin gulbi a Argungu, wurin kawunta Illo masunci, wanda ya raine ta bayan rasuwar mahaifinta. Shi ya ɗauki nauyin karatunta har ta kama aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti a Birnin Kebbi. A can ma yanka take yi. Idan an tsakuro ɗan nama daga jikin maras lafiya, ita ke daskarar da shi cikin kaki, ta fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta ɗora kan gilashi ta rina. Ba ta da surutu, kuma mai surutu bai cika burge ta ba.

Da damina ta fara ja baya, idanun Illo suka koma ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce. Aka yi ta ɗirka masa jiƙon sassaƙe, yana ƙaiƙayi, yana ramewa, har wandonsa ya daina tsayawa sai da igiya. Sadatu ba ta yi gardama da kowa ba. Mota ta kawo ƙofar gida ta ɗauke shi zuwa asibiti.

An zura allura aka tsakuro nama daga wata tsoka da ke kwance bayan tumbi. Da hannunta ta fere shi. Sabon madubin ɗakin, mai ƙara girman abu, yana haska naman, ya nuno shi a allon kwamfuta. Lafiyayyen nama a jere yake kamar kunyoyin gona. Na Illo kuwa ya cukurkuɗe, zarurruka sun shaƙe ƙwayoyin kamar tsohuwar komar kamun kifi da ta kama kututture. Likita ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau.

"Ciwon daji ne, kuma ya bazu," ya ce. "In kira shi?"

"Bar mini shi," in ji ta.

Ta iske Illo a fadamarsa da hantsi, zaune kan buhu, yana kallon irin albasa da ya isa dashe.

"Ɗiyata, madubin naku mi yag gani? Ko shi ma shawara yac ce, in huta da dogon Turanci?"

"Ba shawara ba ce, Kawu."

"To ke ba ni taki shawarar. In dasa albasar ga? Kin san ta, sai zafi ya shigo take nuna."

Sadatu ta tsuguna ta taɓa ƙasar, da sauran danshi. Ta kwance bakin mayafinta, ta zuba masa ƙananan baƙaƙen iri a tafin hannu.

"Shuka alayyahu bana. Shi ba ya daɗewa."

Illo ya dubi irin, ya dube ta. Ya dafa gwiwa zai miƙe, ƙafafun suka ƙi, sai ya miƙa mata fartanyar da ke gefensa.